Me ya sa ba a san Dejan Bodiroga kamar Divac da Stojaković ba?

Malam, ka tambaya ko Bodiroga babban ɗan ƙwallon kwando ne da gaske, tunda ba ka cika jin sunansa ba. Babba ne ƙwarai. Abin da ya rage masa suna a wajen Turai shi ne bai taɓa buga NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba. Sacramento Kings ta NBA ta zaɓe shi a 1995, ƙungiyar da 'yan ƙasarsa Sabiya, Divac da Stojaković, suka haskaka a cikinta daga baya, amma shi ya zaɓi zaman Turai.

A can kuwa ya yi abin a zo a gani. Ya ci kofin EuroLeague, babbar gasar ƙungiyoyin Turai, sau uku: 2000 da 2002 da Panathinaikos ta Girka, sai 2003 da Barcelona. Da tawagar Yugoslabiya, wadda Sabiya ke cikinta a lokacin, ya ɗauki kofin duniya a 1998, inda aka zaɓe shi gwarzon gasar, ya sake ɗauka a 2002 a Indianapolis, bayan sun fitar da Amurka a gidanta.

Ba shi da gudu sosai, ba ya tsalle mai ban mamaki. Sai ya riƙa buga ƙwallo a hankali, ya ja mai tsaronsa gefe guda, ya fizge ƙwallon zuwa ɗaya hannun, kafin mutum ya farga ya wuce. A ganina wannan ya fi dankin da ake yayatawa, wato yin tsalle a cusa ƙwallo cikin kwando, daɗin kallo.

Ya yi ritaya a Roma a 2007, kuma a 2022 aka naɗa shi shugaban EuroLeague. A Atina da Belgrade ba a buƙatar gabatar da shi.