Banki zai turo mai ƙiyasi, sai mun ɗauki mai duba gida kuma?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna zaune a Houston, jihar Texas. Mun sami gidan da aka gina a 1972, mun biya kafin alƙalami, saura kwana 4 kwanakin zaɓi su ƙare, wato kwanakin da aka ba mu mu fasa cinikin in mun ga dama. Dillaliyarmu ta ce mu ɗauki mai duba gida mai lasisi, dala 500. Maigidana ya ce ai banki zai turo nasa mutumin, kuma wani ɗan'uwa a masallaci, magini ne tun a gida, ya ce zai leƙa mana kyauta. Ni dai hankalina bai kwanta ba, duk abin da muka tara ne za mu zuba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kina da gaskiya da hankalinki ya ƙi kwanciya. Ki gaishe min da maigida, ki ce masa wannan karon ya bi taki.

Maganar nan ta "ai banki ya duba" ita ce na fi ji a bakin mutanenmu, har ta ishe ni. Wanda banki ke turowa mai ƙiyasta farashi ne. Lasisinsa daban, hukumar da ta ba shi daban, kuma banki yake yi wa aiki ko da ku kuka biya kuɗinsa. Abin da aka aike shi ya gano guda ne: in kuka kasa biyan bashi aka sayar da gidan, banki zai mai da kuɗinsa? Sai ya auna faɗi da tsawo, ya ƙirga ɗakuna, ya ɗauki hoto, ya kwatanta da gidajen da aka sayar a unguwar, ya kama gabansa. Ba zai kwance murfin akwatin wuta ba, ba zai yi rarrafe a cikin silin ba. Sau da yawa ma sai kwanakin zaɓi sun wuce yake zuwa, lokacin ba ku da damar janyewa yadda kuka ga dama. Ko a bashin FHA, wato bashin gida da gwamnatin tarayya ke tsaya wa, inda ake sa mai ƙiyasi ya lura da wasu abubuwa, ana miƙa wa mai saye takarda ta musamman mai cewa ya nemi mai duba gida don kare kansa. Gwamnati da kanta ta faɗa, amma mu sai mu ɗauki jita-jitar WhatsApp.

Shekarar gidan nan kaɗai ta isa ta sa ni tambaya. Tsakanin 1965 da 1973 an yi wa gidaje da yawa a Amurka wayar alminiyam maimakon ta tagulla, kuma mahaɗarta kan saki ta ɗauki zafi. Na taɓa buɗe wani soket a irin gidan nan, fenti sabo fil, falo yana ƙamshi, bayan soket ɗin ya yi baƙi ƙirin, robar ta narke. Mai ƙiyasin banki ya riga ya wuce ta gabansa, farashi kuwa ya yi daidai. Ga kuma ƙasar Houston, yumɓu ce, ta kumbura da damina ta tsuke da fari, harsashin gini na bin ta. Ƙofar da ke cijewa, ko tsaga da ta tashi a karkace daga kusurwar taga, magana suke yi.

Shi kuwa ɗan'uwa na masallaci, Allah ya saka masa, ya zo ya raka ku. Sai dai ginin bulo da siminti ya sani, nan kuwa katako ne da allon bango. In ya ce lafiya lau daga baya rufi ya zubo, wa za ki kama? Sai dai a ɓata zumunci. In kuma ya karɓi kuɗi ba lasisi, ya karya dokar jihar.

A Texas hukumar TREC, mai kula da harkar gidaje da filaye ta jihar, ke ba da lasisin duba gida, mataki 3 ne: ɗan koyo, mai duba gida, sai ƙwararre wanda ke aiki ba mai kula da shi. Ki nemi lambar lasisinsa ki duba a shafin hukumar. Dole yana da inshora ko madadinta, dole ya rubuta rahoto a fom ɗin hukuma, kuma an hana shi karɓar aikin gyaran gidan da ya duba har wata 12. Wanda ya ce zai duba kuma ya gyara, ki sallame shi. Ba kowace jiha ke da wannan tsari ba, Kalifoniya ma ba ta ba da irin wannan lasisi.

Lasisi dai ba garanti ba ne. Abin da ido ke kaiwa yake dubawa, ba ya fasa bango. Binciken gara lasisinsa daban, a ƙarƙashin ma'aikatar gona ta jihar. In mai duba gida ya nuna shakku a harsashi, injiniya za ku kira. Ki kuma karanta takardar bayanin mai sayarwa, ki ga abin da ya ce game da ambaliya, tunda kin san abin da guguwar Harvey ta yi a 2017.

Ki kira yau, ki je da kanki ranar dubawa. In kwana 4 ba za su isa ba, dillaliyarku ta nemo ƙarin kwanaki a rubuce, da sa hannun mai sayarwa.