Injin sassaƙa na kwamfuta yana cinye mini riba, ta ina zan rage wuta?

Tambaya: Ina da shagon kafinta a Kano. Bara na sayi injin CNC mai sassaƙa ƙofofi da allon gado da kwamfuta. Aiki yana shigowa, alhamdu lillahi, amma kuɗin wuta da na man gas sun hana ni ganin riba. Yaya zan san abin da kowace ƙofa take ci, kuma ta ina zan rage?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara buɗi. Wannan kukan ya yi yawa a bakin masu injuna tun Afrilun 2024, lokacin da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai yunit ɗin masu Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225, ko da yake an ɗan sassauta daga baya.

Kada ka yi lissafi da lambar da ke jikin injin. Idan an rubuta kilowat 6, iyakar ƙarfinsa ke nan, abin da yake sha a aiki daban ne. Mitarka mai kati za ta gaya maka gaskiya. Wata safiya ka kashe fanka da firji da komai na shagon, ka rubuta yunit ɗin da ya rage. Ka kunna injin da 'yan rakiyarsa, wato kwamfuresa mai matsa iska, da famfon da ke tsotse allo ya manne da tebur, da mai zuƙar garin katako, ka bar su rabin awa ba tare da yanka ba, ka sake dubawa. Sannan ka sassaƙa ƙofa ɗaya daga farko har ƙarshe, ka rubuta yunit da mintocin da ta ci.

Ina kyautata zaton lissafin zaman banzan nan zai tayar maka da hankali. A 2006 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun kawo misalin wasu injunan kamfanin Toyota, inda ainihin yankan ƙarfe bai kai kashi 15 cikin 100 na wutar da ake sha ba. Naka ƙarami ne, na katako, amma halin ɗaya ne. Yaronka yana gaban kwamfuta yana gyara zanen fure, ko yana neman sifana, famfo kuwa yana ta gurnani a bayansa. A gama zane tun da dare, a jera allunan kusa da tebur, a shirya ƙananan yanka da yawa a allo guda, sannan a kunna.

Wasu suna rage gudun yanka wai don tattalin wuta. Kuskure ne. 'Yan rakiyar nan da awa suke sha, duk mintin da ka ƙara nasu ne, ga bakin yankan ya yi zafi ya ƙona gefen katako ya bar baƙi. Ka bi gudun da masu ƙera bakin suka ba da, kuma da ya dakushe ka canza shi. Bayan an tashi, ka saurari tiyon iskar kwamfuresa. Inda ka ji yana huci, shafa ruwan sabulu, kumfa zai nuna maka hujin.

Janareton gas mai ɗauke da kaya daidai yakan ba da kusan yunit 3 a kowace lita. Idan kayan bai kai kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ba, man yana tafiya a banza, injin ma yana lalacewa. Ka tara manyan ayyuka zuwa lokacin da akwai wuta.

Abin da na fi so ka gyara shi ne farashi. Ƙofa mai zurfin fure da ta riƙe injin awa 3 bai kamata ta zo kusa da mai layi biyu ta minti 40 ba. Ka fitar da kuɗin awa guda na injin, da wuta da bakin yanka da ladan yaro a ciki, ɗaya na wutar layi ɗaya na janareto, ka manna takardar a gefen kwamfuta. Mai gaggawar da ba zai jira a kawo wuta ba, ka gaya masa farashi na biyu tun kafin ka karɓi kafin alƙalami.