Yaya, ga amsar tambayarki kan wasan da muke kallo a Disamba

Yaya, na ga saƙonki bayan hoton da 'yarki ta tura miki muna zaune a falo gaban talabijin, kina tambaya ko mun fara bikin Kirsimeti ne a Bronx, unguwarmu a birnin New York. Ba mu fara ba, amma kin yi daidai da kika tambaya, don haka bari in warware miki.

A nan Amurka akwai wasan dandamali da ake haɗa labari da waƙa da rawa, cibiyarsa Broadway, unguwar gidajen wasa da ke Manhattan a nan birnin New York. Tikitinsa ya fi ƙarfin gida mai 'ya'ya huɗu irin nawa. To a 2013 tashar NBC ta farfaɗo da al'adar nuna irin wannan wasa kai tsaye a farkon Disamba, ta fara da The Sound of Music, mawaƙiya Carrie Underwood ce jarumar. Mutum sama da miliyan 18 suka kalla a daren. Kin san a finafinan Kannywood mawaƙi ke rera waƙa a situdiyo, jaruma ta zo ta bi da baki. Nan kuwa da muryarta take yi a lokacin da kike kallonta. In ta manta baiti ko ta yi tuntuɓe, duk ƙasa ta gani, babu sake ɗauka.

Wannan ne ya sa a lokacin Amurkawa da yawa ke kallo da waya a hannu, suna jiran kuskure su watsa a Twitter. Carrie sun yaba muryarta, suka yi mata ca a kan ba ta iya wasa ba. Ni abin bai yi mini daɗi ba, domin mai tsayawa awa uku tana waƙa gaban miliyoyi ta cancanci a ce mata sannu. Da aka yi Peter Pan a 2014, masu kallo sun ragu da kusan rabi.

Mu kuma kallonmu daban ne. A Disamba kafin ƙarfe biyar na yamma an yi Magariba, sanyi ya kulle kowa a gida. Mazanmu galibi suna kan aiki, masu tasi sai tsakar dare. Sai mu mata mu haɗu a gidan ɗaya, 'yan Kumasi da 'yan Yamai da mu 'yan Kano, a dafa shayi da citta, wata ta kawo waake, wato shinkafa da wake irin ta Gana, yara su baje a kan kafet. Akwai gidajen da ba sa bari a kalla saboda kiɗa, ba kuma mai ganin laifinsu, ba ma ko gayyatar 'ya'yansu don kada mu sa su cikin tsaka mai wuya.

Daren da ba zan manta ba shi ne na 3 ga Disamba 2015, da aka nuna The Wiz. Dukkan manyan 'yan wasan baƙar fata ne, har da Queen Latifah da Mary J. Blige, jarumar kuma Shanice Williams, yarinya daga New Jersey da ba wanda ya san ta kafin nan. 'Yarki ta biyu tana shekara bakwai a lokacin, tana yawan kukan gashinta ba ya kwanciya kamar na 'yan ajinsu. Ta matso dab da talabijin ta durƙusa, ba ta ko taɓa shayinta ba. Can ta juyo ta ce, "Mama, kalarmu ɗaya da ita." Wata dattijuwa 'yar Zango da ba ta jin Turanci sosai ta yi ta tafi tana cewa yarinyar nan Allah ya yi mata murya. Ranar Alhamis ce, washegari akwai makaranta, amma ba uwar da ta kori ɗanta ya je ya kwanta.

Batun Kirsimeti kuwa, yana fitowa a wasu. Annie da aka nuna a 2021, labarin marainiya ne da ke ƙarewa a lokacin bikin, da bishiya da kyaututtuka. Mukan gaya wa yara wannan bikin maƙwabtanmu ne, namu Sallah, kuma sun gane, domin tun 2015 makarantun gwamnati na birnin New York suka fara ba da hutun Sallah. Na fi son su gani ina kusa, su tambaya in amsa, da su ji a bakin wani a waje.

Zan sa 'yarki ta turo miki guntun The Wiz ta WhatsApp ki ji muryar yarinyar da kanki. Ki gaida su Inna da yara.