Amsa ga ɗan'uwan da fenti ya yamutsa masa bodi, gilashi kuma ya yi fari

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun da safe, sai yanzu na samu zama. Ka ce ka fesa wa bodin 'yar motarka ta roba, irin wadda ake harhaɗawa da hannu ta kamfanin Tamiya, fentin gwangwani da ka saya a Sabon Gari ya yamutse, ka kuma liƙa gilashin gaba da sufagulu ya yi fari fat, kana tambaya ko za ta gyaru ko ka haƙura. Wallahi da na buɗe hoton da ka turo sai da gabana ya faɗi, don na san wannan yamutsewar, na taɓa riƙe irinta a hannuna. Allah ya ba ka haƙuri.

Kafin komai, kada ka ƙara fesa mata wani fenti a kai da sunan rufewa. Ajiye ta a inuwa ta bushe sosai. Kada kuma ka bari wani ya ce maka a goge da tina ko da ruwan cire jan farce, nan take robar za ta narke.

Ni tawa Bosuwaja ce, ƙirar 1966, ita ma Tamiya 1/24, wato tsawonta kashi ɗaya cikin 24 na motar gaske. Irin motar da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya hau ke nan, shi ya sa na nace sai da wani ɗan'uwa ya taho min da ita daga waje, ka kuwa san yadda dala take. Na wanke bodin, na goge layukan da injin ya bari, na gyara ƙofofi, komai tsaf. Lokacin hunturu ne, ƙura ta hana ni fesawa a gida, sai na kai wa wani mai fentin mota a wajen Ƙofar Ruwa wanda ya saba fesa min na ƙarfe. Na ba shi gwangwanina a hannu. Na ce masa Malam, wannan roba ce ba ƙarfe ba, don Allah da wannan kaɗai za ka fesa, shafi-shafi. Ya ce haba Alhaji, Marsandi nawa ta fita daga hannuna. Washegari na je, ya ɗauko min ita daga kan wata tsohuwar taya, a rana. Rufin ya lotsa, bonet ya tattare kamar fatar ganda, hannun ƙofa da 'yan layukan bayan injin duk sun shafe. Gwangwanina kuwa yana gefe ko murfinsa ba a buɗe ba. Ragowar fentin wata mota da ya dama da tina ya zuba a bindigarsa ta fesa fenti ya watsa mata a tashi ɗaya.

Abin da ya fi ƙona min rai ba asarar ba ce. Dariya ya yi. Ya kira yaransa su zo su ga babban mutum yana ɓata rai a kan motar wasan yara, har ɗaya yana cewa a je Kwari a saya min wata a leda. Ya kuma ce sai na biya kuɗin aiki, wai fentinsa ya ƙare! Na biya, don ba zan tsaya cacar baki a gareji ba. Har yau in na bi ta layin sai na kawar da kai. Na yafe, amma a ce haƙuri ɗaya bai iya ba ni ba? Kuma mutumin nan ya san ni, ya san gidanmu.

To, abin da ya faru da taka shi ne wannan. Robar da ake yin waɗannan motocin da ita, polistirin, ba ta jure tina mai ƙarfi, fentin mota kuwa da yawancin na gwangwanin kasuwa cike suke da ita. In ka fesa da kauri, kafin ya bushe ya riga ya ci saman robar. Na ƙarfe irin su Hot Wheels 1/64 ko Maisto da Bburago ba ruwansu, shi ya sa masu fenti suke rainawa.

Taka dai daga hoton ban ga ta lotsa ba, sama ne kawai ya tattare, saboda haka akwai rai. Nemi sinadarin da masu gyaran waya suke wanke bod da shi, isofurofil, a kasuwar waya ta Farm Centre za ka samu, ka jiƙa bodin a roba mai murfi, sannan ka bi da tsohon buroshin haƙori. In ya ƙi, man birki yana cirewa, amma sa safar hannu, kuma kada ya daɗe a ciki, yana sa roba ta yi saurin karyewa. Ka wanke da sabulu, ka bi da samfefa mai lamba 800 da ruwa, sai 1000, sai 2000. A hankali wajen hannun ƙofa da tambari, in suka tafi sun tafi.

Af, gilashin. Tururin sufagulu ne ya kwanta a kai ya yi farin. Gam ɗin Tamiya ma kada ya kusance shi, shi narkar da roba yake yi ya haɗe ta. In farin sama-sama ne, samfefa 2000 da ruwa, sannan man goge baki fari a tsumma mai laushi, ka yi ta murzawa har ya washe. Ka tallafe shi ta ciki da yatsa, robar gilashi ba ta lanƙwasa, tsagewa take yi. Wajen mayarwa, farin gam na kafintoci ya isa, a bakin tsinken sakace, in ya bushe ba a ganinsa. Ni yanzu B-7000 na masu liƙa sikirin ɗin waya nake sawa. Can Farm Centre ɗin ka haɗa da ɗan hantsakinsu mai tsini.

In ka zo sake fenti, firaima tukuna, wato shafin ƙasa da ake yi kafin fenti, siriri. Kuma duk gwangwanin da ka saya, fara gwada shi a bayan farin cokalin roba na cin shinkafa, yawancinsu robarsu ɗaya da ta motar. In cokali ya yamutse ka tsira da naira kaɗan. Tazarar kamar santimita 25, ka wuce da hannu kada ka tsaya, ka ba shi minti 15, ka sake. Shafin farko in kana hango robar ta ƙasa, daidai ke nan.

Garin nan namu na Kano ma kansa abokin gaba ne. Da hunturu yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara, kana gamawa ka kife kwali a kai. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, fenti yana bushewa a iska kafin ya sauka, ya fito da gurzi-gurzi, sai ka yi da sassafe bayan asuba. Kada ka bar 'yar motar robar a cikin mota a rana ko na awa ɗaya. Da damina kuma, ranar da aka yi ruwa, bar gwangwani ya huta, dishi-dishi yake fitowa. A tsakar gida za ka yi, da takunkumi, ba a ɗakin da yara suke kwana ba.

Masu cewa wasan yara ne kuwa, ƙyale su. Waye a cikinmu bai yi motar kara ko ta gwangwanin madara ba a unguwa? Su dai sun daina ne. Ni burina yanzu Fijo 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975. Kamfanin Norev suna da ƙaramarta ta ƙarfe a 1/43, tsawonta bai fi santimita 10 da 'yan kai ba, in wani a nan yana da ita ko ta mutu ce ya yi min magana, zan saya.

Ka ɗauko hoton gwangwanin gaba da baya ka turo, mu ga abin da aka rubuta a jiki kafin ka jiƙa ta. In kuma kana kusa da Gwammaja, ina da ragowar firaima, ka zo ka karɓa bayan la'asar.