Daga Zariya zuwa Jos a kan keke: wane iri zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina so in taka keke zuwa Jos ta hanyar Pambeguwa da Saminaka idan an yi hutu. Mahaifina ya ce in ɗauki Phoenix ɗinsa, abokaina kuma sun ce in sayi irin mai sifirin gaba da baya. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka yi wa Baba godiya, domin Phoenix keke ne na ƙwarai, ƙarfensa ba ya gajiya, kuma babu garin da za ka rasa kayan gyaransa. Matsalarsa guda ce: giya ɗaya gare shi, ga nauyi. Jos kuwa tana bisa tsauni, kimanin mita 1,200 sama da teku, Zariya ba ta kai 700 ba. Da ka wuce Saminaka aka fara hawa, ga kaya a baya, turawa za ka koma yi.

Mai sifirin nan kuwa ban ba ka shawararsa ko kaɗan. Kowace takawa sifirin ya lotsa ya shanye rabon ƙarfinka, sannan galibi babu wurin ɗaura kariyar ɗaukar kaya. Ado ne kawai.

Abin da nake so ka nema a wurin masu kekunan gwanjo shi ne keken hawan dutse na da, mai jikin ƙarfe, marar sifirin, mai taya inci 26. Ka tafi da ɗan maganaɗisu: in ya manne, ƙarfe ne, in ya zame, alminiyam ne. Ƙarfe in ya tsage, mai walda na bakin hanya zai haɗa maka shi nan take. Alminiyam sai an nemi na musamman. Ka ƙirga wayoyin da ke riƙe da rim ɗin baya, 36 sun fi jure kaya. A gaba ka nemi faranti uku na sarƙa, ƙaramin shi ne abokinka a hawa. Birki kuma na waya, mai robar da ke matse rim, kada ka ɗauki mai aiki da mai, don ba kowane mai gyara ya iya shi ba.

Kafin ka biya, ka hau. Idan feda ta kai ƙasa, gwiwarka ta ɗan lanƙwasa kaɗan. In ta miƙe sarai, ko ta tanƙware sosai, a gyara tsayin sirdi. In ya ƙi daidaituwa, ba naka ba ne.

Tsidau da ƙaya ba sa tausayin taya a gefen titi, saboda haka ka riƙe famfo, kayan faci da tib biyu. Ka gwada keken da kayanka duka zuwa Giwa ka dawo. Ka kuma tambayi direbobin tasha lafiyar hanya kafin ka tashi, kuma kada magariba ta same ka tsakanin gari da gari.