Fentin cikin but mai ɗige-ɗige na tsohuwar Impala, da maganar madarar da ake ba yaran gareji

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Daga Kaura Namoda nake rubuto maka. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Chevrolet Impala ta 1967, shekara biyu kenan ina tada ta a hankali, yanzu saura but. Da muka ɗaga tsohuwar robar ƙasa sai muka ga fentin asali baƙi ne mai ɗige-ɗigen shuɗi kamar an yayyafa. Mai fentina a Gusau ya ce wannan ba komai ba ne, zai shafa baƙi ya yarfa shuɗi da buroshi ya bi da kiliya (fentin nan marar kala da ake shafawa a sama) mai hadina, wato sinadarin da ke sa ta yi tauri, ni dai in kawo kuɗin kaya da gwangwanin madara huɗu na yaransa saboda wari. Wallahi tsoro nake ji a ɓata min ita, ita kaɗai ce abin tsohon da ya rage a hannuna, kuma ƙanena ne ke taya su goge tsohon fentin. Mi ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Tsoronka yana kan hanya, kuma ka gode wa Allah da ka ɗaga robar nan kafin a sa samfefa, don wannan ɗan wurin da ya rage shi ne malaminka. Ka ɗauki hotonsa da rana, ka aza kwandala ko murfin kwalba kusa da shi don a ga girman ɗigon, sannan ka rufe shi da takarda kar kowa ya taɓa sai an gama gwaji.

Abin da ka gani haka General Motors, kamfanin da ke ƙera Chevrolet, ke fitar da motocinta a shekarun 1960 zuwa 1970 da wani abu, wasu baƙi da shuɗi mai ratsin kore, wasu ruwan toka da fari, kuma ba don ado kawai ba, yana ɓoye tabon walda da gam ɗin da ake like haɗin ƙarfe da shi. Ba buroshi aka yi shi da shi ba. Fenti ne guda ɗaya wanda ƙwayoyin kala ke yawo a cikinsa ba su narke da juna ba, sai sun faɗa kan ƙarfe suke fashewa. Shi ya sa in ka samu na gaske, irin na Zolatone ko na gwangwanin feshi na Dupli-Color, kar a zuba masa tina, kar a tace shi da matacin fenti, in na gwangwani babba ne a juya shi da sanda a hankali kamar mai dama kunu, in aka kaɗa shi da ƙarfi ƙwayoyin za su farfashe ka tashi da kala ɗaya mai kama da laka. Bakin gan, wato bindigar feshi, ya zama mai faɗi, milimita 2 ko sama, iska kaɗan. Na gwangwanin feshin kuwa da wuya a yarda a ɗauko shi a jirgin sama, sai ka nemi mai kawo kaya ta ruwa.

In bai samu ba ana iya kwaikwayonsa a nan Gusau kuma ya yi kyau. A fesa baƙi marar ƙyalli ya bushe, sai a haɗa shuɗin da kauri, a rage iskar kwamfaresa sosai har gan ɗin ya riƙa tofi maimakon feshi, a tsaya nesa kaɗan. A gwada kan kwali sau biyar sau goma ana kai shi kusa da na asalin har ido ya kwanta. Buroshi yana ba da ɗigo mai wutsiya, wani ƙato wani ƙarami, duk wanda ya san motar daga nesa zai gane. Kuma a yi da sassafe, zafin Maris da Afrilu na busar da ɗigon tun yana iska ya sauka kamar yashi, hunturu kuma ƙura ce za ta zauna ciki. Kafin duk wannan a kashe tsatsa har ƙarfe ya fito fari, a sa firaima, a canza robar bakin but don ta nan ruwan damina ke shiga, in akwai walda a sauke tankin mai tukuna domin yana nan ƙarƙashin but ɗin. Fentin ɗigon irin wanda aka haɗa da ruwa yana son kiliya a sama in ba haka ba jarkar ruwa ɗaya ta zube ya jiƙe ya kwaɓe, amma marar ƙyalli, na kamfani ba ya sheƙi.

To yanzu maganar da ta fi but ɗin muhimmanci a wurina, madarar nan. Ɗan'uwa na gaji da jin wannan magana, shekara da shekaru, daga Tudun Wada har garejojin hanyar Sakkwato, duk inda ka shiga za ka ga gwangwanin madara an huda shi da ƙusa an aje kan benci, yaro ya fito daga feshi gashin hancinsa ya koma kalar motar, oga ya miƙa masa ya ce shanye ta wanke maka ƙirji. Ta ina za ta wanke? Madara ciki take tafiya, tururin fenti huhu yake tafiya, hanya biyu ce daban Allah ya yi, in madara ta bi hanyar huhu ma ai shaƙewa mutum zai yi. Abinci ce mai kyau, a sha, ban hana ba, amma ba ta taɓa fitar da ko ɗigon fenti daga huhun kowa ba.

Kuma aikin but ya fi kowane aiki muni a wannan fanni, don kanka kake cusawa cikin akwati, abin da ka fesa ya bugi ƙarfe ya dawo fuskarka. Hadinan da mai fentinka ke son zubawa a kiliya akwai sinadarin aisosayanet a ciki, shi ne ke jawo asma ga masu fenti a duniya baki ɗaya, kuma muguntarsa ita ce hanci ba ya jin sa a daidai lokacin da yake ɓarna, warin da kake ji na tina ne. Ba lallai ya kama ka nan take ba, sai dare ya yi ka kwanta ƙirji ya ɗaure kana shaƙar iska da ƙyar, a ce sanyi ne, a ce iska ce, a tafi kemis a sayo maganin tari. In jiki ya riga ya ƙi shi shikenan, ko ɗan kaɗan ka shaƙa sai ya tashi. Akwai yaron da ya koyi aiki a hannuna, hannunsa ya fi nawa laushi a kan gan wallahi, ya koma wani gareji inda tsumma da madara ne kawai kariya, yau ko wucewa ya yi ta inda ake feshi sai ya dafa bango, ya bar sana'ar yana da 'ya'ya uku. Duk sanda na tuna shi raina ɓaci yake.

Sai ƙanenka da ke goge tsohon fenti, nan ne hankalina ya fi tashi. Motocin wancan zamani akwai dalma a fentin da yawa daga cikinsu, kuma da dalma ake cike wasu haɗe-haɗen jikinsu. Mu a Zamfara za a yi wa bayanin dalma? A 2010 yara sama da 400 muka rasa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da 'Yargalma, daga baya ga Bagega, kuma ba wani abu ba ne illa ƙurar dutsen zinari da ake niƙawa a cikin gidaje, ta zauna a tsakar gida da tufafi, yara su taɓa su kai hannu baki. Da likitocin MSF, ƙungiyar likitocin agaji ta duniya, suka zo magani na musamman suka ba yaran mai jawo dalma daga jini, aka kuma kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Ba wanda aka warkar da madara, alhali ƙasar Fulani ce nono ba ya yanke mana. Amma yau sai ka ga yaro ɗan shekara 14 zaune cikin but yana gurza fentin 1967 a bushe, ƙura har gira, ya tashi ya ci rogo da ƙuli da hannun nan, ya koma gida da rigar uwarsa ta wanke tare da kayan jariri.

Ku iyayen gida ku ji tsoron Allah, yaran nan amana aka kawo muku, iyayensu sun ba ku ne su samu abin yi ba su dawo da ciwon da za su mutu da shi ba, kuma ranar gobe ba za a karɓi cewa haka muka taras ana yi ba. Ni ma haka na taras, da na gane na bari.

Ka gaya wa mai fentinka a cikin but ba ka son hadina, a sa kiliya marar ƙyalli wadda ke bushewa da kanta, wurin ba rana ke dukansa ba, ta isa. A goge tsohon fenti da samfefar ruwa ba a bushe ba, a zubar da ruwan inda yara da dabbobi ba sa zuwa, kayan aiki su kwana a gareji, a wanke hannu da sabulu kafin a ci komai. Takunkumin korona da tsumma ba sa tare tururi, a sayi na roba mai filta biyu ta gawayi a gefe, a aske gemun da zai hana shi kama fuska ko a ba wani aikin, a yi feshin a fili iska na bayanka. Kuɗin madarar ka ƙara a kai ka sayo takunkumin da kanka ka miƙa wa yaron hannu da hannu. Ƙanenka kuma in ya daɗe yana wannan gugar ka kai shi asibiti ka ce a auna masa dalma a jini, ka faɗa musu aikin da ya yi. In kun yi gwajin kwalin ka turo min hotonsa kusa da na asalin in duba girman ɗigon kafin ku taɓa motar.