Amsa kan masu rubuta wasan addini da harshen Konkani a Goa

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda aka yi a jihar Goa ta Indiya mutum ɗaya yake haɗa rubutun wasan addini da kiɗa. Tsarin wasan ne ya tilasta haka. Sunansa tiatr, kuma Lucasinho Ribeiro ne ya fara shi a Bombay ranar 17 ga Afrilu 1892.

Ana raba labarin kashi shida ko bakwai. Da zarar labule ya sauka don a sauya kayan dandali, mawaƙa sai su fito gabansa su rera waƙa biyu ko uku da ake kira kantaram, waɗanda ba dole su shafi labarin ba. Ga kuma gajerun waƙoƙi da 'yan wasa suke yi a tsakiyar zance. Kafin a tashi, waƙa ta haura goma. Marubucin da bai san kiɗa ba kuwa rabin aikinsa yana hannun wani.

Yawancin marubutan a coci suka koyi kiɗa. Tun zamanin mulkin Fotugal, wanda ya ƙare a 1961, makarantun coci suna da malamin kiɗa, mestre, mai koya wa yara goge irin na Turawa da karatun rubutaccen kiɗa. Daga ƙungiyar mawaƙan coci ake zarcewa dandali. Har limaman Katolika sun shiga, irin su Fada Freddy da Costa, wanda ya kafa mujallar Gulab a 1983. Da baƙaƙen boko marubutan suke rubutu, ko da yake rubutun Indiya mai suna Devanagari ne hukuma ta amince da shi a 1987.

Kakar wasan addini ita ce azumin kwana 40 kafin Ista. Nan ake gane gwani. Wanda ya cika wa'azi a bakin ɗan wasa ɗaya sai ya ga mutane suna hamma, shi ya sa masu basira suke zuba nasihar a cikin waƙa, su bar labarin ya yi tafiyarsa. Barkwanci ma sai an auna, don lokaci ne na juyayi.

Wajen kiɗan, kuskuren da ake yawan yi yana kan takardar mai busa ƙaho ne. Sautin ƙahon yana fita ƙasa da abin da aka rubuta da mataki ɗaya, saboda haka dole a ɗaga masa rubutunsa. In aka miƙa masa takardar mai goge yadda take, shi da mawaƙi ba za su haɗu ba. A fara gwada muryar mawaƙin, sannan a rubuta wa kowane makaɗi nasa.